Shekarar da Injunan Bakin Gulbi Suka Yi Nishi

Ku da kuka taso a gidan nan kun sha jin labarin shekarar injuna a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zubawa. Wani ya ce babanku kokawa ya yi da mutanen ruwa ya kayar da su, wani ya ce Bature ne ya ba shi littafin asiri. Duk ba haka aka yi ba. Ina nan aka yi komai, ko da yake rabin abin da kunne na bi shi ba da ido ba, don a lokacin ba na taka ƙofar gida sai da babban dalili. Tunda Allah ya sa na koyi boko a ajin manya da furfurata, kuma hannuna bai fara rawa ba tukuna, bari in rubuta muku yadda aka yi. Sunan babanku ban taɓa kiransa da bakina ba, ba kuma yau zan fara ba. Inda wasu suka kira shi dole in rubuta, rubutu kuwa ba kira ba ne.

Babanku ɗan maƙeran Rabah ne, shi ne babba a ɗakinsu. Kakanku mutum ne mai zafi, wanda in ya ce ƙarfe ya yi ja to ya yi, ko da baƙi ƙirin kake ganinsa. Ya so babanku ya gaje shi a maƙera, amma tun ranar da babanku ya ga motocin noman da Turawa suka kawo fadama, ƙarfe mai tafiya da kansa ya shiga ransa. Ya bi su shekara biyu yana shafa girisi yana miƙa sufana, har ya iya kwance inji ya ɗaure ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba. To da ofishin gona suka tashi kafa injunan ban ruwa biyu a bakin gulbi kusa da Wurno, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, shi aka ba riƙonsu. Watanmu huɗu da aure a lokacin. Ranar da za mu tashi, muka je sallama, kakanku ko ɗaga kai bai yi daga guduma ba.

"Tahi," in ji shi. "Randa ƙarhen Nasara yak kunyata ka, gida na nan. Amma guduma ta wuce ka. Zuga-zugi za ka riƙa, ka zuga ma ƙannenka wuta."

Ku da ba ku tashi a maƙera ba, ba za ku san nauyin wannan magana ba. Zuga wuta aikin ƙaramin gida ne. A ce babban ɗa mai mata ya zauna yana zuga wa ƙannensa, ai gara ya bar ƙasar. Da wannan magana a ƙirjinsa babanku ya shigo Wurno, ya kuma san ba shi da wurin komawa da mutunci in aikin ya ƙi.

Aka haɗo mu da Gwaggo Tumba, ƙanwar kakanku, wadda mijinta ya rasu. An ce don ta taya ni zama ne, ni kuwa na san don ta riƙa aika rahoto Rabah ne ta bakin masu jakuna. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai baki, ba abin da ke yi mata daidai. Tuwona ya yi ruwa, miyata ta yi gishiri, dariyata ta yi yawa. Amma ban taɓa zama da mutum mai daɗin zama kamarta ba, don faɗanta ba ya kwana, kuma duk wanda ya taɓa ni a waje sai ya gwammace bai fito ba ranar. Muka sami gida a gefen gari ta wajen fadama, inda ƙarar inji ke iso mu sarai.

Watan farko inji ɗaya ke aiki, don bututun na biyu bai iso ba. A wannan watan babanku ya sha gaisuwa. Mutanen da suka tsufa suna ɗaga jigo, guga ɗaya bayan ɗaya, suka ga ruwa na gudu cikin fangalin albasa da na alkama ba wanda ya lanƙwasa baya. Kullum sai an aiko mana da ganye ko kifi. Kukan injin tum-tum-tum ne, daidai wa daida, har kunne ya saba ya manta da shi. Daga nan bututu ya iso, aka kafa na biyu don ya kai ruwa gonakin da ke can sama kusa da tudu, aka kuma buɗe sababbin fangali aka shuka alkama.

Safiyar da aka tada su biyu tare ina wanke-wanke. Sai na ji ƙarar tana kumbura a hankali, tana nauyi, har na ji ta a ƙirjina, kwanonin jerena suka fara tsuwa. Sannan ta lafa, ta yi laushi kamar za ta ɗauke, sai kuma ta sake kumburowa. Haka ta yi ta yi, ta zo ta koma, ta zo ta koma, kamar wani ƙaton mutum na nishi a ƙarƙashin ruwa. Gwaggo ta fito daga ɗaki da carbi a hannu.

"Ke Luba, wa aka yankawa?"

Kafin azahar labari ya gama gari. Abin da ya ɓata lamarin shi ne, bakin bututu na biyu a wani gurbi mai zurfi aka jefa shi, wurin da tun kakanni ake cewa gidan mutanen ruwa ne. Da la'asar Sarkin Rafi, shugaban masu lambu, ya zo zaurenmu da mutane, ni kuwa ina bayan zana ina ji.

"Ummaru, mu ba mu ƙi sauƙi ba," in ji shi. "Amma bututun ga naka na biyu, cikin ɗakin mutane kas sa shi. Kai ba ka jin suna nishi?"

"Sarki, ƙarhe na. Ba kowa ciki."

"Tau, in ƙarhe na, mi as sa in ka kashe na biyu nishi ka ɗaukewa?"

"Ai ko na biyun nit tada shi kaɗai, ba shi yi. Sai an gama su."

"Ka ji! Ka hwaɗi da bakinka. Bakin bututu guda sun yi haƙuri, baki biyu ka shan gidansu, ƙaƙa ba su kuka?"

Shi ma babanku abin da ya ɗaure masa kai ke nan. Masu gonakin tudu suka toshe hanyoyin ruwansu da laka, suka ce ba za su shayar da alkama ruwan da aka ƙwato da kuka ba. Fulanin da ke kawo shanu mashaya suka koma can gaba. Alkama kuwa ba ta san wannan gardama ba, ƙishirwa kawai ta sani, ta fara yin ɗorawa-ɗorawa. Babanku ya kwance inji na farko kaf, ya wanke, ya ɗaure, ya tada shi, lafiya lau. Ya kwance na biyu, shi ma lafiya lau. Ya haɗa su, nishi ya dawo. Sau uku yana yin haka, har fatar yatsunsa ta sale.

Ana cikin haka Baturen gona ya zo rangadi. Jan Kunne ake ce masa, don rana ta gasa masa kunnuwa. Ya tsaya ya saurara, ya zagaya injunan, ya ɗora hannu nan ya ɗora can, ya ga gonakin tudu sun bushe, ransa ya ɓaci. Shi bai yarda da mutanen ruwa ba, amma ya yarda da sakacin baƙin mutum, sai ya yanke cewa wani abu ne ya cinye a ciki don rashin kula. Babanku ya kwaikwaya mana maganarsa da irin Hausarsa ta littafi, yana ƙoƙarin yin dariya, dariyar ta ƙi.

"Ummaru, ina ba ka kwana bakwai. Idan na komo, wannan kuka yana nan, zan kawo wani makaniki daga birni."

Babanku ya daina cin abinci sai fura, ita ma kurɓa biyu. Gwaggo ta fara ɗaure 'yan tsummokinta tana kwancewa, tana cewa ita dama ta san iskar Wurno ba ta karɓe ta ba. Ni tsoro ya kama ni sosai, ba don komawa Rabah ba, ai garinmu ne. Abin da nake hangowa shi ne mutumin nan zaune a ƙasa yana danna zuga-zugi, ƙannensa na ce masa ƙara wuta. Na san ba zai rayu da wannan ba, ko ya rayu ba shi ba ne.

Rana ta huɗu cikin wa'adin Bature, da hantsi, muna daka ni da Gwaggo. Ba lugude muke yi ba, wanda ake haɗuwa a turmi ɗaya wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Kowa da turminta, ni gero ita dawa. Injunan na can suna nishinsu, don babanku na gwaji. Ni yarinya ce mai ƙarfi, hannuna ya ɗan fi na Gwaggo sauri, kaɗan dai. Sai taɓarenmu biyu su faɗi tare, dum, dum, da nauyi har ƙasa ta amsa. Can sai nawa ya ɗan wuce gaba, su rabu, sautin ya koma dudum-dudum, ƙanana marasa nauyi. Can kuma in sake cim mata, su haɗu, dum. Ba macen da ba ta san wannan ba, muna yara har wasa muke yi da shi, in taɓare sun haɗu mu yi guɗa. Amma ranar sai kunnena ya ɗauki dakanmu a nan kusa da nishin can nesa a lokaci ɗaya, na ji tafiyarsu iri ɗaya ce. Na tsaya da taɓarya a sama.

"Gwaggo, injunan ga daka su kai."

"Mi?"

"Daka su kai, awa ni da ke. Guda ya hi guda sauri kaɗan. In sun gamu shi yi nauyi, in sun rabu shi lahwa. Shi na nishin."

"Ke dai ci gaba da dakanki, rana na yi. Maza sun kasa, Nasara ya kasa, sai ke da kan gero?"

Ta faɗi haka, amma na ga ta karkata kunne. Muka ci gaba. Da ta gaji hannunta ya ƙara sanyi, sai haɗuwar taɓaren ta riƙa zuwa akai-akai. Da na rage nawa saurin na matso kusa da nata, sai haɗuwar ta riƙa jinkiri, a daɗe ana tare, a daɗe ana rabe. Da na bi hannunta sak, abin ya tsaya cak, ba kumburi ba lafawa. Gwaggo ta ajiye taɓarya ta riƙe haɓa.

"Ɗiyag ga, ashe ba dariya ɗai ka cikin kanki ba."

Da babanku ya dawo na kai masa ruwa, na durƙusa, na faɗa masa. Ban iya tsara magana ba, na fara da turmi maimakon in fara da inji, shi kuwa ga gajiya ga baƙin ciki. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Luba, ina cikin wanga hali ki kawo min zancen turmi? Injunan ga tagwaye na, gida guda anka ƙera su, gudunsu guda."

"Malam, ai ni da Gwaggo ma taɓarenmu itace guda na. Amma dawa ta hi gero tauri. Na biyun ga ba shi ka tura ruwa tudu ba? Ai ya hi ɗan'uwanai shan wuya."

Ya tashi ya bar mini ruwan. Na shiga ɗaki na yi kukana. Gwaggo ce ta ce in share hawaye, namiji ba a ba shi magana a baki, a kunne ake sa masa ya ɗauka da kansa. Washegari da azahar ya dawo ya kishingiɗa a zaure, ido rufe. Muka jawo turame biyu muka jingina da bangon zauren ta ciki, muka zuba tsaba, muka fara, ni ina ɗan wuce ta da gangan. Bango ya haɗiye ƙananan sautuka ya bar masu nauyi, sai ga nishi sak yana tashi a cikin gidanmu. Muka yi ta yi. Sannan Gwaggo ta ƙifta mini ido, na rage hannu a hankali, nishin ya yi tsawo, ya ƙara tsawo, ya ɗauke. Muka ji motsi. Sai ga babanku a tsakar gida ba hula, idonsa waje.

"Ku sake!"

Muka sake. Bai tsaya mun kai ƙarshe ba, ya suri sufana ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Gwaggo ta bi shi da hula har ƙofa tana kira, ina, ya yi nisa.

Abin da ya biyo baya daga tsakar gida na ji shi, ina zaune ina tsintar shinkafa. A jikin kowane inji akwai ɗan noti da ke ƙara masa gudu ko ya rage. Na ji ya tada su biyu, nishi ya fara, ina ƙirgawa da numfashina: duk numfashi uku sai ya kumbura. Can sai ya koma duk numfashi biyu, na ce a raina, Malam, baya ka murɗa. Kamar ya ji ni, sai ya koma uku, ya koma biyar, ya koma goma. Na ajiye faifai. Na ƙirga ashirin, na ƙirga talatin, shiru, sai tum-tum-tum mai daɗi. In faɗa muku gaskiya nishin bai mutu ɗungum ba, ya dai yi tsawon da kunne ba ya kama shi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse.

Yayanku Bello, da ya yi karatu mai zurfi, ya ce mini abin nan yana da suna da lissafi a littattafai, wai duk abu biyu masu bugawa da gudunsu ya kusa zama ɗaya sai sun haifi wani bugu na uku mai tafiyar hawainiya a kansu. Na ce masa na riga littafin. Tun daga shekarar kunnena ya buɗe, ina jin abin ko'ina. Na ji shi a jirgin sama mai inji biyu in ya ratsa ta kanmu. Na ji shi a rediyo da yamma, muryar mai labarai ta matso ta ja baya alhali ba wanda ya taɓa akwatin. Har a gulbi in ya cika na gan shi da ido, manyan igiyoyin ruwa na zuwa a ayari, ƙanana su biyo, manya su sake zuwa. Amma wannan duk daga baya ne.

Da yamma babanku ya dawo ya ci tuwo malmala uku. Da ya wanke hannu ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Zancen turmin ga, shi tsaya cikin gida."

"Malam, wa ni ka gani da za ni hwaɗa ma?"

Ban ji haushi ba ko kaɗan, wallahi. Aikinsa nake so ya tsira, ba suna nake nema ba.

Ranar da Jan Kunne ya dawo, Gwaggo ta ɗauki ƙwarya wai za ta tsinko lalo, ta je ta tsaya inda za ta ga komai. Masu lambu sun taru, injuna biyu na aiki lafiya. Bature ya yi murna. Sai Sarkin Rafi ya gyara murya ya ce ai su suka yi maganin abin, shekaranjiya sun zuba fura a gurbin sun yanka baƙin bunsuru, masu gida sun karɓa sun yi shiru. A nan ne babanku ya yi kuskurensa, kuma zuciya ce irin ta gidansu ta ja shi. Da ya bar wa bunsuru yabon, da an wuce wurin.

"Ba bunsurunku ba na, Sarki. In kuna so in kira shi yanzu."

Ya sa sufana ya murɗa kaɗan, nishi ya taso. Ya mayar, ya ɗauke. Ya sake kira, ya sa shi sauri, ya sa shi jinkiri, ya sallame shi. Bature ya tsaya baki buɗe, sannan ya bugi goshinsa ya fashe da dariya, don shi nan take ya gane, abin da ya sani ne tun a makaranta bai kawo shi a rai ba. Ya kama hannun babanku ya girgiza, ya ce aiki nasa ne. Amma Gwaggo ta ce da ta waiwaya, sai ta ga masu lambu sun ja da baya taki uku, ba mai dariya ko ɗaya.

Ruwa ya koma gonakin tudu, alkama ta farfaɗo, mu kuwa muka shiga sabuwa. Mutumin da ke kiran mutanen ruwa ya sallame su da ɗan ƙarfe a hannu, me za a kira shi? In babanku ya biyo hanya sai a ratse masa. A masallaci aka riƙa barin gurbin mutum ɗaya dama da hagunsa. Matan da ke shigowa aron rariya da ɗibar wuta suka ɗauke ƙafa. Wata safiya muka tarar da jan zakara ɗaure a ƙofar gida, Gwaggo ta ce tunda ya zo a yanka, babanku ya hana. Har daga ƙauyen Magarya aka kawo wata mata mai faɗuwa, wai ya yi wa iskokinta magana. Mutumin da ba ya wasa da salla, ga shi an mai da shi boka. Ya yi ta rantsuwa cewa noti ne kawai, ana ce masa i mana, ai kowane mai asiri da abin da yake riƙewa. Daga ƙarshe Liman ya aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi inda ya samo abin nan, in ba haka ba dattawa za su roƙi hakimi a ɗauke shi daga garin. Komawa Rabah da sunan tsafi kuwa ya fi komawa da sunan kasawa muni, don ko zuga-zugin kakanku ba zai bari ya taɓa ba.

"Malam, ka ce Nasara yak koya maka," na ce masa ranar Alhamis.

"Gaban idonsu Nasara yab bugi goshi. Kuma ƙarya, ƙohwar masallaci?"

"Tau ka ce kai kag gane da kanka."

"In nic ce haka, su ce wa yar raɗa min."

Na san abin da ya rage, ban kuma yi zaton zai iya ba. A Wurno ta wancan zamani, namiji ya tsaya gaban masallacin Juma'a ya ce matarsa ce ta koya masa sana'arsa, ai ya ba masu wasa abincin shekara. Da safe ya ce wa Gwaggo ta zuba tsaba a ƙwarya, ya sa aka ɗora turamenmu biyu da taɓare a kan jaki.

"Ina za a kai min turmi?" in ji Gwaggo.

"Masallaci. Ke ma ki shirya, Gwaggo."

"To wa za shi riƙa ɗayan? Luba dai ba ta hita."

"Ni."

Ina gida lokacin da aka sauko. Da farko ban ji komai ba, sai can na ji wata irin dariya ta tashi daga tsakiyar gari, irin wadda ban taɓa ji ba, ta maza da yawa a lokaci ɗaya. Na zauna a bakin murhu na rufe fuska. Yadda Gwaggo ta ba ni labari, ya tsaya gaban Liman da Sarkin Rafi da duk jama'a, ya ce:

"Jama'a, ba ni da iska, ba ni da aljani. Abin ga mai ɗakina tag gane shi wurin daka, ita tak koya min, ni dai noti nim murɗa. Ku ja baya ku ruhe ido ku saurara."

Ya naɗe hannun rigarsa ta Juma'a ya ɗauki taɓarya. Bai taɓa daka ba tun da aka haife shi, bugun farko tsaba ta watse har kan rawanin Sarkin Rafi. Gwaggo kuwa ta manta inda take.

"Ɗaga hannu, Ummaru! Gero ka ka daka, ba ƙwai ba! Tsakiya, ragon banza, tsakiya!"

Mutane suka yi ta faɗuwa kan juna. Amma ɗan maƙeri ne, hannunsa ya san bugu, ba a jima ba ya kama. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya koma bayan bangon masallaci ya rufe ido. Taɓare suka haɗu, suka rabu, suka haɗu. Sannan babanku ya bi hannun Gwaggo, abin ya tsaya. Liman ya fito yana share hawayen dariya da gefen rawani.

"Wallahi shi na. Shi na sak. Sarkin Rafi, ashe turmi kunka yanka ma bunsuru."

Daga ranar ba wanda ya ƙara ratse masa a hanya, sai dai a tare shi a tambaye shi ko ya gama surfe. Sunan Ummaru Taɓarya ya bi shi har kabari, har takardun ofis da shi suke zuwa. Kakanku da labari ya kai masa ya yi shekara guda bai amsa gaisuwarmu ba, wai ɗansa ya yi daka a bainar jama'a. Amma mun zauna a Wurno, a sahun gaba yake salla kafaɗa da kafaɗa da mutane, kuma a nan aka haife ku duka.

Ranar dai da la'asar ya shigo gida, jaki na biye da turame, rigarsa ta yi fari fat da gari. Na kasa ɗaga ido in dube shi, don gani nake ni na jawo masa. Ya zauna a kan tabarma, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya miƙo mini tafin hannuwansa biyu, duk sun yi bororo.

"Malama, wanga kuma mi am magani nai?"

Na ɗebo man shanu na durƙusa ina shafa masa, ina dariya hawaye na zuba a kan hannun. Yana da hanyar da zai bi ya bar ni a ɓoye, ya zaɓi gari ya yi masa dariya har ƙarshen ransa. Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare bayan wannan, ko sau ɗaya ban ji ya ce da ya sani ba.